Daga Kano zuwa bakin teku: yadda ake shirya masauki, ajiyar mota da abin hawa kafin shiga jirgin ruwan shaƙatawa

Mutanenmu sun fara shiga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu ɗaukar dubban fasinjoji su yi mako guda suna zagaya garuruwan bakin teku. Wani ango ne da amaryarsa, wani ɗan kasuwa ne da ya saba da Dubai yake so ya kai iyali su huta, wasu kuma 'ya'ya ne suka haɗa kuɗi suka biya wa iyayensu. Da yake Kano ba ta da teku, duk wanda ya yanki irin wannan tikiti tafiya biyu ce a gabansa, kuma ta farkon, wato daga ƙofar gida zuwa ƙofar jirgi, ita ce mai buƙatar shiri. Jirgin ruwan nan ba ya jiran kowa. In lokacin tashinsa ya yi aka janye matakala, wanda bai iso ba ya yi asarar kuɗinsa, sai dai in yana da inshorar da za ta biya shi. Saboda haka duk shirin da zan bayyana a nan daga ƙarshe ake fara lissafa shi, a riƙa dawowa baya har a iso Kano.

Da farko, karanta takardar jirginka da kyau

Abu uku za ka nema a cikinta: sunan tashar da jirgin zai tashi, lokacin da aka ba ka na shiga, da lokacin da za a rufe karɓar fasinjoji. Lokacin rufewa ya sha bamban da lokacin tashi. Yawancin kamfanoni suna daina karɓar mutane awa ɗaya da rabi ko awa biyu kafin jirgi ya ɗaga. In an rubuta jirgi zai tashi ƙarfe 6 na yamma, ka sa a ranka ƙarfe 2 na rana kana cikin tasha.

Sunan tashar ma yana ruɗin mutane ƙwarai. A Dubai tashoshi biyu ne. Akwai Mina Rashid, kusa da Bur Dubai da Deira inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka, akwai kuma Dubai Harbour can wajen Marina, kusa da tsibirin Palm Jumeirah. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa, musamman da yamma in hanya ta cushe. Wanda aka ce masa jirginsa daga Rum zai tashi, ya sani cewa tashar tana wani gari ne da ake kira Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Na Landan galibi daga Southampton yake tashi, fiye da awa guda a jirgin ƙasa. A Istanbul tashar Galataport tana tsakiyar gari, a unguwar Karaköy, amma babban filin jirgin saman ne yake can bayan gari. A Jidda kuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewa, tashar jirgin ruwa tana kudu wajen tsohon gari. Daga can kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila a Bahar Maliya a watan Disamba na 2024. Kada ka kama otal, kada ka yanki tikitin jirgin sama, sai ka buɗe taswira a wayarka ka ga inda tashar take da idonka.

Na biyu, ranar barin Kano

Nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai, don nan ne halin Kano ya bambanta da na sauran wurare. Lokacin da jiragen ruwa suke aiki a Dubai, Abu Dhabi da Doha shi ne daga Nuwamba zuwa wajen Maris, saboda a lokacin ne zafin ƙasashen yake sauka. Na Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu ma kusan watannin ke nan. Mu kuma a nan wannan shi ne tsakiyar hunturu. Duk wanda ya saba bin filin jirgin Malam Aminu Kano ya san yadda hazo yake yi a Disamba da Janairu: a wayi gari ba a hango nesa, jirgi ya zo ya kasa sauka ya juya, a ɗage tafiya zuwa yamma, wani lokaci zuwa gobe. Ba laifin kowa ba ne, matuƙi ba zai sauka inda ba ya ganin titi ba.

Ƙa'idar da ake bai wa matafiya a ko'ina ita ce a isa garin da jirgin ruwa yake kwana ɗaya kafin ranar tashi. Ga mai tashi daga Kano a lokacin hazo, ni kwana biyu nake cewa. Dalilin shi ne jiragen ƙasashen waje da suke zuwa Kano, irin masu bi ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, ba kullum kowannensu yake tashi ba. In na ranar Talata ya faskara, mai yiwuwa sai Alhamis, kuma ga yada zango a hanya. Kuɗin ƙarin kwana ɗaya a otal kaɗan ne a kan abin da za a rasa in jirgin ruwa ya tafi.

In ta Abuja ko Legas za ka fita, ka ƙara wani kwanan. A Legas ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje, sai an fito da kaya an hau mota. Kuma tikitin Kano zuwa Legas da ka yanka shi kaɗai ba ruwan kamfanin ƙasar waje da shi, in ya makara kai ka makara. Inda hali, ka sa ejan ya haɗa maka tafiyar duka a kan tikiti ɗaya, yadda in an sami tsaiko kamfanin ne zai nema maka wani jirgin.

Ka kuma lura da agogo. Dubai tana gabanmu da awa 3, Saudiyya da Qatar da Turkiyya da awa 2, Afirka ta Kudu da awa 1. Sifen da Italiya lokacinmu ɗaya a hunturu, da bazara kuma suna gabanmu da awa 1. Jirgin da ya bar Kano da rana sau da yawa sai tsakar dare ko asubar washegari yake sauke ka, kuma wannan zai shafi ranar da za ka kama ɗaki.

Takardu, a taƙaice

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Katin allurar rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, ba cikin akwati ba. Biza kuwa, tambayar da za ka yi wa ejan ita ce: ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da fita? Jirgin da ya tashi daga Dubai ya je Oman ko Qatar ya dawo, ka fita daga ƙasar ka sake shiga ke nan. Kuma kowace ƙasa da jirgi zai tsaya tana da nata sharaɗin a kan fasfon Nijeriya, ko da ba ka da niyyar sauka. Dokar bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ga 'yan Nijeriya ta sha canzawa, an dakatar da ita a 2022 aka dawo da ita a Yulin 2024, don haka a tabbatar da halin da ake ciki kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Mace mai ciki da ta kai mako 24 da jaririn da bai kai wata 6 ba, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarsu.

Na uku, kama ɗaki a garin da jirgin yake

Otal kusa da tashar jirgin ruwa za ka nema, ba kusa da filin jirgin sama ba. Daren da ka sauka ba ka da gaggawa, ko awa guda ka yi a mota ba komai. Safiyar shiga jirgi ce ba ka son doguwar hanya. Mai tashi daga Mina Rashid ya kwana a Bur Dubai ko Deira, mai tashi daga Dubai Harbour ya nemi wajen Marina ko Barsha. Mai zuwa Italiya, in kwana biyu gare shi, ya yi na farko a Rum ya yi na biyu a Civitavecchia.

Kafin ka biya, ka duba waɗannan. Shin ana iya fasawa a mayar da kuɗi? Ɗakin da ake iya sokewa ya ɗan fi tsada, amma ga wanda bizarsa ba ta fito ba ko wanda hazo zai iya riƙewa, shi ne daidai. Shin akwai ma'aikaci a wurin karɓar baƙi dare da rana? Ƙananan masaukai a Turai sukan rufe ƙofa da dare su aiko maka da lambar buɗe kwaɗo ta waya, kai kuma ka sauka ba ka da intanet. Shin akwai lifta? Tsofaffin gidajen Rum da Barcelona da Istanbul da yawa ba su da ita, kuma Hajiya mai ciwon gwiwa da akwati uku ba za ta hau bene hawa huɗu ba. Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki? A can ana ƙirga kai har yara, ba a yin cushe, kuma in kun wuce adadi za a sa ku kama ɗaki na biyu a farashin ranar.

Sai batun lokaci. Otal yana ba da ɗaki ne daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, a fita ƙarfe 11 ko 12 na washegari. In jirginka zai sauka ƙarfe 3 na asubar Asabar, tun daga ranar Juma'a za ka kama ɗaki, sannan ka rubuta musu saƙo cewa za ka iso a makare, kada su ɗauka ba ka zo ba su bayar da ɗakin. Mutane da yawa sukan kama na Asabar, su ƙare a kan kujerun zauren otal da yara har azahar.

Ka tanadi kuɗin da ba ya cikin farashin da ka gani. Dubai, Rum da Barcelona duk suna karɓar harajin baƙi a kan kowane dare, a nan otal ake biya. Otal da yawa kuma sukan riƙe wani abu a katinka a matsayin jingina sai ka fita. Katin naira ba abin dogara ba ne a waje, bankuna suna sa masa iyaka kuma iyakar tana canzawa. Ka je bankinka ka tambaya, ko ka tafi da katin asusun dala, ka kuma bi ta Wapa ka canji 'yan ƙananan takardu na tasi da 'yan dako. Jirgin ruwan shi kansa zai nemi kati ko tsabar kuɗi a ajiye don hidimomin ciki.

Ka bugo takardar kamun ɗakin a kan takarda. Jami'in shige da fice yakan nema, kuma waya takan mutu a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Na huɗu, motarka

Tafiyar nan za ta ɗauki kwana goma zuwa mako biyu. Mazaunin Kano, shawarata ka bar motarka a gida, wani ya kai ka. Babu wurin ajiya da ya fi gidanka arha da kwanciyar hankali. Wanda gidansa ba shi da get, ya kai ta gidan ɗan'uwa mai fili, ko garejin unguwa da ake biyan kuɗin kwana, in dai akwai mai gadi tsayayye kuma an san mai wurin. Kada ka bar ta a gefen titi, kada kuma ka ce bari ka kai wa makanike ya duba ta kafin ka dawo, sai in ka amince da shi amincewar gaske, don motar da mai ita ba ya gari takan shiga hidimar da bai sani ba.

Wanda ya taso daga Katsina, Dutse, Haɗeja, Azare, ko daga Damagaram da Maraɗi, shi ne yake da aiki. Ya shigo Kano kwana ɗaya kafin jirginsa, da rana, ba tafiyar dare ba. Ya sauka a Nassarawa GRA ko Bompai, inda ba zai ratsa cunkoson Kantin Kwari da Singa da Bata ba kafin ya kai filin jirgi. Tun a waya, kafin ya kama ɗaki, ya tambayi manaja: "Ranka ya daɗe, in na kwana a wurinku zan iya barin motata kwana goma sha biyu? Nawa ne, kuma wa zai riƙe makulli?" In sun yarda, a rubuta a rasit: lambar mota, ranar ajiya, ranar ɗauka, da sunan wanda ya karɓa. Maganar baki da mai gadin dare ba ta isa ba, don ranar da ka dawo wataƙila wani ne a bakin aiki.

A filin jirgi ma akwai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Nijeriya. In can ka zaɓa, ka je da kanka tun kafin ranar ka tambayi ko suna karɓar ajiyar kwanaki da yawa da yadda suke lissafin kuɗin, don abin da yake da sauƙi a awa biyu yakan taru ya yi nauyi a mako biyu.

Ko'ina ka ajiye ta, ka yi mata waɗannan. Kwashe duk abin da ido zai gani a kan kujeru, ka cire takardun motar na asali. Ɗauki hotonta ta kowane gefe, da hoton mitar tafiya da ta mai. Duba iskar tayoyi. In batirin ya tsufa, a kwance kan waya ɗaya don kada ka dawo ka tarar ya mutu. A hunturu ka lulluɓe ta da tamfol saboda ƙura, da damina kuma ka guji kwari inda ruwa yake taruwa da gindin tsohuwar bishiya. Makulli na biyu ka bar shi wurin mutum ɗaya tak da ka yarda da shi.

Na biyar, daga gida zuwa filin jirgi

Jirgin ƙasar waje yana son ka iso awa 3 kafin tashi. Ka yi magana da wanda zai kai ka tun kwana biyu kafin ranar, ka faɗa masa yawan mutane da yawan akwatuna. In ƙaninka ne, ka ce masa, "Ka kwana a nan gida da motar, ka sha mai tun yau." In tasi ce ko motar manhaja, wato wadda ake kira ta manhajar waya, ka riƙe lambar direba na biyu. A-daidaita-sahu ba abin dogara ba ne ga mai manyan akwatuna, kuma tun 2022 gwamnatin jiha ta taɓa sa dokar hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka mai jirgin asuba kada ya ce zai tsaya bakin titi ya tare.

Ka duba kalanda. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ana taƙaita zirga-zirga da safe har wajen ƙarfe 10. Ranar Juma'a daga azahar tituna kusa da manyan masallatai suna rufewa. Lokacin jigilar alhazai da Umarar azumi filin jirgi da hanyoyinsa suna cika da 'yan rakiya. In tafiyarka ta faɗo a ɗaya daga cikin waɗannan, ƙara awa guda. Su ma 'yan rakiyarka a yi sallama da su a gida, mota ɗaya ta isa.

Tun a Kano ake tace kaya. Dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki, kyandir, da kaskon turaren wuta ko na lantarki, ba a shiga da su jirgin ruwa saboda tsoron gobara, za a ƙwace a bakin tasha. Uwargida ta ɗauki humra da turaren fesawa su wadatar. Kilishi da dambun nama ba sa shiga ƙasashen Tarayyar Turai. Goro ba ya shiga Saudiyya. Magunguna irin tramadol da masu kodin laifi ne babba a Dubai in ba takardar likita, don haka duk mai shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar asibiti.

Na shida, daga otal zuwa bakin jirgi

Hanya uku ce. Motar kamfanin jirgin, wadda ake biya tun wurin yankan tikiti: ta fi tsada in kuna da yawa, amma ga tsofaffi da wanda bai taɓa fita ba ita ce mafi kwanciyar hankali. Tasi ko motar manhaja, irin Careem da Uber a Dubai da Jidda: ga iyali mai mutum huɗu ko biyar ita ta fi arha, sai dai a nemi babba mai cin kaya. A Dubai akwai tasi masu rufi ruwan hoda, mata ne suke tuƙa su, na mata da iyali. Sai jirgin ƙasa ko bas, wanda ya dace da mai kaya kaɗan. Jirgin cikin garin Dubai ba ya shiga tasha, dole ka ƙarasa da tasi. Daga Rum jirgin ƙasa yana kai wa Civitavecchia cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan a hau wata bas zuwa inda jirgi yake. A Barcelona manyan jirage suna tsayawa a Moll Adossat, kuma akwai bas ta musamman daga wajen gunkin Kolumbus, don ba wurin da za a taka da akwati ba ne.

Tun da dare ka gaya wa ma'aikacin otal ya shirya maka mota, ka nuna wa direba sunan tashar da sunan jirgin a rubuce. Ranar da jirage uku suka tsaya a tasha ɗaya, kowanne da zaurensa, kuma in an sauke ka a wanda ba naka ba, jan kaya zuwa na gaba wahala ce. Ka riƙe fasfo da tikiti a hannu tun cikin mota, don masu gadin get sukan nema.

Takardun shaidar kaya da kamfanin jirgin ruwa ya aiko maka don liƙa wa akwatuna, ka bugo su a Kano amma kada ka liƙa sai safiyar nan, in ba haka ba za su yage a jirgin sama. A bakin tasha 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, kuma ba za ka sake ganinsu ba sai yamma a ƙofar ɗakinka. Don haka ƙaramar jaka ta zauna a hannunka da magani, caja, sallaya, kayan canji na yara da duk wani abu mai daraja. Mai buƙatar keken marasa lafiya ya sanar da kamfanin tun makonni kafin tafiya.

Ranar dawowa

Jirgi yakan iso tasha da asuba, a fara sauke mutane rukuni-rukuni daga wajen ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Kada ka yanki jirgin sama mai tashi kafin azahar, musamman inda filin yake da nisa kamar Rum da Istanbul. In jirginka na Kano sai dare ko washegari, ka kama ɗakin yini ko na kwana ɗaya tun yanzu, wannan karon kusa da filin jirgin sama, kuma ka tabbata bizarka ta kai har ranar. Wanda zai ɗauke ka a Kano ka ba shi lambar jirgin, ba lokacin sauka kaɗai ba, ya riƙa dubawa a waya kafin ya fito daga gida. In a otal ko gareji ka bar mota, ka kira su kwana ɗaya kafin isowarka su fitar da ita daga bayan wasu motoci, su kuma gwada tayar da ita.